Ranar da Na Ɗebi Jinin Baba

Babana mahauci ne, mahaifinsa ma mahauci ne. A zangon Sokode inda aka haife ni babu wanda bai san teburinsa a kasuwa ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce bai sani ba a kan abin da ya shafi nama ko jini. Yakan dubi saniya tana tsaye ya faɗi yadda hantarta take. Wani lokaci ya dace. Ranar da aka feɗe aka ga saɓanin abin da ya faɗa kuwa, sai ya ce saniyar ce ta sake shawara a hanya.

Ni ce 'yarsa ta uku. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, na koyi aikin awon jini, aka tura ni wani ɗakin gwaji a Dapaong, can arewa, wanda mu ma'aikata muke kira labo. Duk wanda ya tambayi Baba aikin da nake yi, amsa ɗaya yake bayarwa.

"Gadon gida ta yi. Fawa take yi, sai dai ita da farar riga, kuma dabbobinta suna tashi su koma gida da ƙafarsu."

Ciwon sukari ya same shi yana da shekara sittin da 'yan kai. Bai ɗauke shi ciwo ba, raini ya ɗauke shi. Ya ce shi da bai taɓa sayar da rake ba, ina sukari ya san shi? Magani kuwa sai Inna, mahaifiyarmu, ta sa masa ƙwayar a tafin hannu, ta miƙa masa ruwa, ta tsaya har ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Haka aka yi ta lallaɓawa shekaru.

Abin da ya tayar da hankalin gidan shi ne abin da ya sami maƙwabcinmu tela, abokin Baba tun suna samari, wanda shi ma yake da sukari. Wata rana da hantsi yana kan keke yana ɗinki sai ya dafe ƙirji ya zame ƙasa. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi, amma likitoci suka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a zuciyarsa. Inna ba ta jira komai ba, ta tasa Baba a gaba zuwa wurin likita. Likitan ya rubuta masa doguwar takarda ta gwaje-gwajen jini. Baba ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya ninke ta huɗu, ya sa a cikin hularsa. Can ta zauna wata guda.

Inna ta buga mini waya.

"Takardar nan har ta fara warin man gashi," in ji ta. "Kullum sai ya ce gobe. Jiya cewa ya yi shi ba zai ba baƙo jininsa ba, bai san gidan da ya fito ba."

"To ya zo nan mana. Ni ai ya san gidan da na fito."

"Ba zai zo don allura ba."

Sai Inna ta ce, "Ba kin ce akwai kasuwar shanu kusa da ku ba?"

Da daddaɗan lafazi na kira Baba washegari, na yi ta ba shi labarin shanun da ake gangarowa da su daga arewa, masu tozo kamar tulu. Ban yi ƙarya ba, ƙari kawai na yi. A ƙarshe na ce, tunda zai zo, ya taho da takardar nan ta cikin hula, mu duba ta idan an sami sarari. Ya ce zai gani. Bayan kwana huɗu ya shigo mota.

Na tarye shi a tasha da la'asar. Ya sauko yana mitar direba, wai tun daga Kara yake gudu kamar ya sato motar, ya kuma tsaya a Mango ya ɓata musu lokaci wurin cin abinci. Yana riƙe da ƙunshin kilishi mai girman matashin kai, ya ce na abokan aikina ne, kada a ce mahaifina ya zo hannu rabbana. Na lura yana sanye da rufaffen takalmi da safa, cikin wannan zafin na Dapaong, shi da na san shi da silifa tun ina yarinya. Na ɗauka gayu ne na zuwa wurin aikin 'ya. Na kuma ga yana ɗan ɗingishi, ya ce zaman mota ne.

Na karanta takardar a gida. Akwai awon sukari, akwai na kitsen jini, akwai na ƙoda, sannan a ƙasa likitan ya ƙara wani wanda ba kullum ake rubuta shi ba.

"Wannan na ƙarshen fa?" in ji Baba, yana nuna shi da yatsa.

"Fibirinojen."

"Wa ya fi biri?"

"Ba wanda ya fi biri, Baba. Sunan wani sinadari ne a cikin jini."

"To ni dai na ji biri a ciki."

Daga ranar sunan abin ya zama birin jini a gidanmu, har yau kuwa.

Na gaya masa da safe kada ya ci komai, domin awon sukari da na kitse ba a yin su da abinci a ciki. Ya ce shi da yake azumin Litinin da Alhamis ba sai an koya masa ba. Da safe na fito wanka na tarar ba ya gida. Can sai ga shi ya dawo daga masallaci yana goge baki.

"Baba, me ka ci?"

"Ban ci komai ba."

"Me ka sha?"

"Shayi. Shayi ai ba abinci ba ne. Wani bawan Allah mutumin Nijar ne ya ja ni, ya ji ni baƙo ne. In ƙi?"

"Da sukari?"

"Da madara dai. Sukarin shi ya sa, ba ni ba."

Aka ɗage sai washegari. Fuskarsa ta washe, har da waƙe-waƙe a bakin famfo. A lokacin ne na fara zargin wani abu. Washegarin na tashi tun kafin kiran salla, na zauna a bakin ƙofa, na raka shi har ƙofar masallaci, na jira ya fito. Mai shayin ya ɗaga masa hannu, Baba ya nuna ni da haɓa, ya buɗe tafukan hannu kamar wanda 'yan sanda suka kama.

Na riga na nemi izinin shugaban labo cewa ni zan ɗebi jinin da kaina. Abokan aikina sun ci kilishi sun ƙoshi, saboda haka Baba ya shiga kamar wani babban baƙo, kowa na gaishe shi. Ya zauna a kujerar ɗiban jini, ya naɗe hannun riga. Damtsen nan nasa har yanzu da ƙarfi, duk tabon wuƙa ne tun daga yatsu har gwiwar hannu. Na ɗaure masa roba, na shafa auduga, na buɗe allura.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Wannan ta shanu ce?"

"Da irinta muke ɗibar wa yara."

"Tsaya tukuna. Ina ne gabas a ɗakin nan?"

"Me za ka yi da gabas?"

"Mu dai ba ma zubar da jini sai mun fuskantar da dabba alƙibla. Ku ban san tsarinku ba."

Na kwance robar, muka juya kujera, na sake ɗaurewa. Ya tambaye ni ko na yi bisimilla, na ce na yi. Ya ce bai ji ba, na sake yi da ƙarfi. Sai na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi. Mutumin da ya kayar da bijimin da ba su ƙirguwa, wanda yake dariya idan wuƙa ta yanke shi ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da sara, ashe allura yake tsoro. Shekara arba'in ina 'yarsa ban sani ba. Ya runtse ido, ya kau da kai, ya kama karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa.

Jijiyarsa kuwa shimfiɗe take kamar igiya, ko makaho zai same ta. Na cika kwalabe huɗu, na zare, na danna auduga.

"Ki yi mana ki gama," in ji shi, ido a rufe.

"Na gama tun ɗazu."

"Ba na son wasa."

"Buɗe ido ka gani."

Ya buɗe, ya ga kwalaben jere a faranti, ya tambaya ko duk wannan nasa ne. Na ce nasa ne. Ya ƙura musu ido, sai na ga ya fara karkacewa. Na yi maza na sunkuyar da kansa tsakanin gwiwoyinsa. Abokan aikina, Allah ya saka musu da alheri, kowa ya sami abin dubawa a cikin firji ko a bayan taga. Da ya dawo daidai ya ce yunwa ce, kuma laifina ne da na hana shi shayi.

Bayan ya karya da koko marar sukari, yana sha yana ɓata fuska, sai ya ce yana son ganin abin da za a yi da jininsa, domin shi ba ya barin kayansa a hannun mutane bai ga inda aka kai su ba. Shugaba ya yarda ya tsaya a bakin ƙofa. Na ɗauki kwalba mai shuɗin murfi, wadda take da ɗan ruwan magani a ciki da ke hana jini daskarewa, na sa a injin da ke juya kwalabe da gudu. Da injin ya tsaya na ɗago ta. Jan ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai kalar man gyaɗa ya taso sama.

"Kai!" in ji Baba. "Wannan ruwan ai na san shi. Idan jini ya kwana a kwano ya zama guda, shi ne yake tsatsowa a gefe."

"Ɗan'uwansa ne," na ce. "Na kwanon naka ya riga ya rabu da abin da muke nema, wato birin nan, domin abin ya tafi cikin gudan. A wannan kuwa yana nan a narke a ciki. Shi ne yake sa jini ya kama jikinsa idan mutum ya yanke. Hanta ce take yin sa. Idan aka ji rauni sai ya rikiɗe ya zama zare-zare, ya saƙa raga a bakin raunin, jini ya tsaya."

Baba ya matso har ya ƙetare layin da aka ce kada ya wuce.

"Zare fari-fari? Mai kama da soson wanka?"

"Ka taɓa gani?"

Sai ya ba mu labari. Akwai wani mai kiwon kaji daga wajen Aouda da yake zuwa mayanka da bokiti yana tarar jinin shanu, ya dafa, ya shanya, ya haɗa da dusa. Don kada jinin ya daskare kafin ya kai gida, sai ya sa tsinken tsintsiya ya yi ta burgawa tun da ɗuminsa. Can sai wani abu ya nannaɗe tsinken, idan aka ɗauraye shi fari ne, yana da danƙo. Da zarar an cire shi, jinin ba ya ƙara daskarewa ko zai wuni.

"Shi ne, Baba. Wallahi shi ne. Mu muna auna yawansa ne tun kafin ya zama zare."

Ya dubi shugabana, ya dubi injin, ya dubi farar rigata.

"Shekara nawa kika yi a lakwal?"

"Ka sani ai."

"Don ki koyi abin da muke wankewa daga tsintsiya mu jefa wa karnuka."

Shugaba ya yi dariya har da zama. Ranar Baba ya fita daga labo yana tafiya kamar shi ya gina shi.

Da sakamako ya fito, ni ce na fara gani, kuma ban ji daɗinsa ba. Sukari ya hau, wannan ban yi mamaki ba. Amma birin nan ya haura iyaka sosai, fiye da yadda na saba gani ko a wurin masu sukari. Na kai Baba da takardar wurin likitarmu, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Moba wadda ta koyi Hausa a kasuwa. Ba ruwanta da mace ko namiji a magana, kowa shi ne.

"Baba, ɗiyarka ya iya aiki," ta ce. "Shi ya kawo ka, ya yi daidai."

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce mai ciwon sukari sau da yawa wannan sinadarin yakan yi yawa a jininsa, jinin ya yi kauri, ya riƙa saurin yin guda. Sukari kuma yana cin bangon jijiyoyi ta ciki, ya sa su yi kaushi. Idan kaushi ya haɗu da jini mai son kamawa, to hanyar zuciya tana cikin haɗari. Shi ya sa wasu likitoci suke duba shi tare da sauran awo, don su san wanda za su fi sa wa ido. Sai ta sake duban takardar ta ɗaure fuska.

"Amma wannan ya yi yawa. Abin nan yana hawa idan akwai ciwo a jiki. Zazzaɓi, haƙori mai ruɓa, ƙurji, miki. Baba, akwai ciwo?"

"Babu."

"Haƙori?"

Ya buɗe baki ya nuna mata duka, da alfahari.

Ta sunkuya ta dubi ƙasan tebur. "Cire takalmi."

"Na dama ko na hagu?"

"Wanda ba ka so ka cire."

Ya cire na hagu. A ƙarƙashin safa akwai tsumma, a ƙarƙashin tsumma akwai man shanu da toka, a ƙarƙashinsu kuma babban yatsa ya kumbura ya yi ja, da miki a gefe yana ruwa. Ashe mako uku da suka wuce tsinin ƙashi ya soke shi a mayanka. Bai ji zafi sosai ba, abin da masu sukari sukan yi fama da shi ke nan, ƙafa ta daina kai ƙara. Da ya ga abin yana girma sai ya ɓoye wa Inna, domin ya san ƙarshen zancen allura ce.

Likita ta bar Hausa ta koma Faransanci, ta bar Faransanci ta koma yarenta. Baba bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya fahimci duka. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Ina auna abin da ido ba ya gani a jinin mahaifina, ga shi kwana uku yana ɗingishi a tsakar gidana ban ce ya cire takalmi ba.

Allurar da ya gudar wa ɗaya ta zama da yawa. Aka wanke mikin, aka ɗora shi a kan magani, aka ce ba inda za shi sai ƙafa ta kama hanyar warkewa. Awon birin kuma likita ta ce a ajiye shi gefe, ba za a yi hukunci da shi ba sai an sake bayan miki ya rufe. Inna da ta ji labari a waya ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi in ba shi wayar. Ban san abin da ta gaya masa ba, na dai ji yana ta cewa, "To. To. Haka ne. To."

Mako uku ya yi a wurina. Kullum da safe mu tafi wankin miki a bayan babur, da rana ya zauna a gindin dalbejiyar tsakar gida, ƙafa a kan kujera 'yar tsugunne, yana koya wa matan gidan hayar da nake zaune yadda ake gane naman da ya kwana. Har ya shirya da mai shayi a kan rabin cokalin sukari, ni kuma na yi kamar ban sani ba.

Wata rana da la'asar na dawo aiki na same shi shi kaɗai, ba ya ko jan carbi. Na zauna kusa da shi ina tsince shinkafa.

"Uwata, na tsaga zuciya ta fi dubu," ya ce. "Na san hanyoyin nan da likitarku take faɗa. Suna kwance a bayan zuciyar, cikin kitse. Wata ba ta fi tsinken sakace ba. Ɗan abu kaɗan ya isa ya toshe ta."

Na ce haka ne.

"Abin da ya sami tela, shi zai same ni?"

Na ajiye faranti. A wurin aiki an hana mu yi wa marar lafiya fassarar sakamako, aikin likita ne. Amma wannan ba marar lafiya ne yake tambayar ma'aikaciya ba.

"Ban sani ba, Baba. Awon nan ba ya faɗin rana, ba ya ma faɗin ko abin zai faru. Akwai masu shi da yawa da suke tsufa lafiya, akwai waɗanda nasu daidai yake amma abin ya same su. Yana dai nuna wanda ya kamata ya yi hattara. Kuma ba shi kaɗai ake dubawa ba. Akwai sukarin, akwai hawan jini, akwai kitse, akwai sigarin da kake sha a bayan mayanka."

Ya juyo da sauri. "Wa ya gaya miki?"

"Duk zango an sani. Inna ma ta sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ni."

Ya dubi ƙafarsa. Sannan ya ce shi ba mutuwar yake tsoro ba, kowa zai je. Abin da ba ya so shi ne ya zauna kamar tela, a ce kada ya ɗaga ko buta. Na ce to ai shi ya sa aka duba tun yanzu. Ya ce in ƙara gishiri a miyar yau, ta jiya kamar an wanke kwano. Na ce gishirin ma likita ta ce a rage. Ya ce, "La ilaha illallahu."

Kasuwar shanun dai ya gan ta, ana jibi zai tafi. Ya zagaya da sanda, ya taɓa wannan, ya leƙa bakin wancan, ya ce tozon bai kai tulu ba, amma ba laifi.

Bayan wata biyu ya dawo, da silifa, yatsa ya warke sai tabo. Wannan karon da kansa ya juya kujerar gabas kafin in ce komai, ya kuma rufe ido tun ban buɗe allura ba. Birin ya sauka da yawa, amma bai koma cikin iyaka ba, ya ɗan leƙo sama. Likita ta ce wannan shi ne nasa na gaskiya. Ta ƙara masa maganin kitsen jini, ta gyara na sukari, ta ce ya bar sigari, ya rage kitse, ya riƙa tafiyar ƙasa kullum da safe. Ta kuma gargaɗe shi kada ya je kanti ya sayi maganin tsinka jini da kansa don ya ji wani yana sha.

"Kitse fa," in ji Baba, "kina nufin har da na tozo?"

"Shi ne na farko."

"Bargo fa?"

"Baba, tashi ka tafi."

Sigari ya bari, wannan kam na shaida, ko da yake wata guda ba a iya zama kusa da shi saboda faɗa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne ya koma Sokode ya zama malamin jini. Duk mahaucin da ya yi hamma sau biyu sai Baba ya dube shi ya ce birinsa ya hau. Ya riƙa zana musu jijiyar zuciya da bakin wuƙa a kan tebur. Wayata ta koma ta mahauta. Wani ya kira ya ce in auna shi ta waya, zai faɗa mini yadda yake ji. Wani daga Tchamba ya yanki yatsa ya ɗiga jini a kwalbar turare ya ba direba ya kawo mini, ya iso baƙi ƙirin kamar daddawa. Na yi ta roƙon su su fara zuwa a duba musu sukari da hawan jini a nan kusa da su, domin ba kowa ne yake bukatar awon biri ba. Mutum huɗu ko biyar sun je. Biyu an same su da sukari ba su sani ba. Baba ya ɗauki wannan a matsayin aikinsa, ni da likitoci mun ɗan taimaka ne kawai.

Tafiyar safe ce ta zo da rigima. Kullum bayan sallar asuba sai ya ɗauki sanda ya fita, ya ce har mararrabar hanyar Tchamba yake kaiwa ya juyo. Inna ta yi ta yabonsa a waya, tana cewa yana dawowa ko haki ba ya yi, ƙarfinsa ya dawo kamar na saurayi. Ni ma na ji daɗi, na gaya wa likita.

Ana nan, ran nan da hantsi wani mai babur ɗin haya, magidanci da furfurarsa, ya yi sallama a ƙofar gida. Inna ta leƙa. Ya miƙo mata carbi.

"Na Alhaji ne, ya faɗi a kan babur ɗina."

"Yaushe Alhaji ya hau babur ɗinka?"

"Ai kullum ni nake dawo da shi. Sai dai ba ya yarda in kawo shi ƙofar gida, a bayan masallaci nake sauke shi."

Inna ta yi masa godiya, ta ba shi ruwa ya sha. Da Baba ya dawo kasuwa ta ajiye masa abinci, ta ajiye carbin a gefen kwano. Ya dubi carbi, ya dube ta, ya wanke hannu.

"Likita ta ce in yi tafiya," in ji shi. "Ba ta ce in dawo ba."

Washegari da ya ɗauki sanda ya tarar da Inna a zaure, ta yafa mayafi, ta sa takalmin roba na ƙanwata. Tun daga ranar tare suke fita. Ita a gaba, domin ta fi shi sauri, shi a baya yana gaisawa da duk wanda ya gani don ya sami hutu. Da na je hutun ƙaramar salla na bi su sau ɗaya. Mun kai mararraba, muka juyo, sai ga mai babur ɗin nan ya rage gudu kusa da mu. Inna ta dube shi kawai. Ya gaishe ta da ladabi, ya ƙara wuta, muka taka da ƙafa har gida.